Ba a Korar Velile Sobekwa

Duk wanda ya zauna a layinmu na Mdantsane ya san Baba Velile Sobekwa, Tata kamar yadda muke cewa, ko yana so ko ba ya so. Ƙarfe biyar da rabi na safe zai fito da farar rigar aiki a ninke a hannu, takalmi ya sha mai har yana ɗaukar ido, ya tsaya bakin ƙofa yana gyara wuyan kwat sai ka ce akwai masu ɗaukar hoto a tsallaken titi. Ba kowa a tsallaken titin sai awakin maƙwabta da garwar shara. In ka gaishe shi ba zai amsa da baki ba, haɓa zai ɗaga maka kaɗan, wai shi babba. Shekara ashirin da takwas yana wannan fitar, kuma bai taɓa makara ba. Wannan kam ko wanda ba ya ƙaunarsa zai shaide shi.

A wata masana'anta yake aiki a East London, nan Afirka ta Kudu, inda ake ɗinka rigunan fata na kujerun mota. Da shara ya fara, ya koma yanka, daga baya aka ba shi teburin duba fata. Duk fatar da za ta shiga ɗinki sai an shimfiɗa ta gabansa a ƙarƙashin fitila ya bi ta da ido. In ya ga tabon kaska, ko inda waya ta karci saniya tun tana da rai, sai ya zagaye wurin da alli. Iyakar aikin ke nan fa. Amma ka same shi ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, cikin jar falmaran ta ƙungiyar maza, ka rantse shi ke ƙera motar tun daga taya har rufi. Babbar mota ba za ta gifta ba sai ya nuna ta da baki ya ce, "Kujerun nan ta hannuna suka bi." Shi kuwa bai taɓa ɗora mazaunansa a kan ko ɗaya ba. A ƙaramar bas ta haya yake zuwa aiki, a matse tsakanin mata masu kwanduna.

Wurin ubansa ya samo ciwon son girman nan. Tsohon ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin zinariya, ya koma ƙauyensu kusa da Tsolo da wani tari da ba ya jin magani. Ranar da ya sauka aka yanka tunkiya, dattawa suka yafa masa bargo, suka miƙa masa sanda, aka yi ta yi masa kirarin zuriyarsu ta Jola har ya yi hawaye. Tarin ya kashe shi kafin shekara ta zagayo, amma wannan bai zauna a kan Velile ba. Bargon da sandar ne suka zauna. Tun daga nan ya raba mazan duniya gida biyu: waɗanda suka ajiye aiki da kansu aka yafa musu bargo, da waɗanda aka kora. Na biyun a wurinsa ba maza ba ne.

Kuma ba ya ɓoyewa. Shekarar da aka rage ma'aikata a masaƙa, rabin mazan layinmu suka koma sammakon zuwa ofishin ƙwadago karɓar kuɗin rashin aiki, Velile ya samu abin yi. Ya tare maƙwabcinsa Zolile a bakin famfo, a gaban jama'a, ya ce, "Mutum da ƙafafunsa biyu ya je ya bi layi a ba shi ladan zaman banza? Ni da haka gara a ce ba ni." Zolile ya ɗauki bokitinsa ya wuce.

Matarsa Nosisa ce ta yi magana da suka shiga gida. Mace ce 'yar ƙarama, mai ciwon gwiwa, ba ta da yawan surutu, ta shekara talatin da uku a gidansa, ita ke goge masa wannan farar riga. Ita ke riƙe da jikokinsu mata biyu da 'yarsu ta rasu ta bari, kuma bakin mutum huɗun nan albashinsa kaɗai suke jira.

Ta ce, "Ai guminsu ne, Jola. Kai ma duk wata ana cire maka na asusun nan."

"Ana cirewa, amma ba za ki taɓa ganina a layin ba. Sadaka na bayar."

To, yana da shekara hamsin da bakwai sai ido ya fara. Ciwon sukari ya daɗe da shi, yana kuma zuba cokali huɗu a shayi, wai likitoci ba su san jikin mutumin ƙauye ba. Yanar ido ta rufe masa ido biyun a hankali, fitilar teburinsa ta koma masa kamar rana a bayan labule. Nosisa ta ja shi asibiti da ƙyar. Likita ya ce aiki za a yi, ido ɗaya bayan ɗaya, akwai jira, kuma sai ya bar aiki na wasu watanni, bayan nan zai gani ras. Ya rubuta takarda ya ce ya kai wa masu kamfani.

Nosisa ta bincika wurin matan coci, ta dawo da labari mai daɗi. Wannan asusun da yake rainawa yana biyan marar lafiya ma. In mutum yana bakin aikinsa ciwo ya kwantar da shi albashi ya tsaya, za a riƙa ba shi wani abu har ya miƙe, aikinsa kuma yana nan yana jiransa. Abin da ake nema gare shi bai taka kara ya karya ba: ya miƙa takardar likita, a cike masa fom.

Velile ya ninke takardar ya cusa a littafin waƙoƙin coci. "In je in ce musu me? In ce mai duba fata ba ya gani? 'Yan matan ɗinkin nan su sami abin dariya?"

Sai ya koma duba fata da yatsu. Ya sunkuya, ya shafa, ya yi gyaran murya, ya zana alli a inda babu komai don a ga yana aiki, tabo kuma ya wuce shi salin alin. Wata biyu yana wannan wasan yara, har ranar da masu haɗa motoci suka dawo da kaya cike da babbar mota, kujera bayan kujera da tabo a tsakiyar mazauni, kowace da tambarinsa a bayanta.

Washegari aka ce ana kiransa a ofishin kula da ma'aikata. A bakin matakala Fundiswa ta tare shi, wakiliyar ƙungiyar ƙwadago, mace mai faɗin kafaɗa da ke kan keken ɗinki na uku.

"Tata, bari in shiga tare da kai. Haƙƙinka ne. Kuma don Allah kada ka sa hannu a komai sai na gani."

Ya dube ta sama da ƙasa, ko da yake inuwarta kawai yake gani. "Yarinya, na fara aiki a gidan nan kina goye. Ni ne mace za ta yi wa baki? Koma kan kekenki."

Da ma a ce Bature ne a ofishin, da da sauƙi, don Bature bai san inda ake taɓa irin su Velile ba. Ɗan gida ne, Luvuyo Mdingi, ɗan shekara talatin da 'yan kai, tashin Mdantsane, mai ƙamshin turare da siririn taye a wuya. Velile na shiga Luvuyo ya miƙe tsaye, ya zagayo tebur, ya kama hannunsa da hannu biyu yana rusunawa.

"Jola! Tata, zauna a nan, kujerar nan ta fi taushi. A kawo wa Tata shayi!"

Kan Velile ya fara kumbura tun kafin shayin ya iso. Luvuyo ya sassauta murya, ya ce abin da ya faru ya faru, manya sun fusata, kuma hanya biyu ce. Ta farko, a kafa zaman bincike, a kira 'yan matan ɗinki ɗaya bayan ɗaya su faɗi abin da suka lura da shi, a auna idonsa a gaban kwamiti, wataƙila a ƙarshe a rubuta an sallame shi. "Ni kuwa, Tata, ba zan iya kallon haka ba. Kamar a tuɓe ubana ne a kasuwa." Ta biyu, ya ajiye aikin da kansa kamar yadda dattawa ke yi, kamfani ya shirya masa biki, a yi nama, a yafa masa bargo, a ba shi sanda.

Yaron bai yi ƙarya ko ɗaya ba, shi ya sa abin ya fi ƙona rai. Bai dai faɗa masa cewa hanya ta farkon tana da hutun jinya a cikinta ba, kuma ko sallamar aka yi asusun zai biya shi. Bai faɗa masa cewa wanda ya ajiye aiki da kansa ba ya samun ko sisi ba. Shi kuma Velile bai tambaya ba, tun da aka ambaci bargo kunnensa ya toshe.

Wasiƙar tana nan an riga an buga, tana jira a aljihun tebur. Velile ya karɓa, ya ɗaga ta daidai hanci, ya yi ta gyaɗa kai kamar mai karatu, alhali baƙi-baƙi kawai yake gani a kan fari. Don kada a ce bai gyara komai ba, sai ya ajiye ta ya ce, "Akwai abin da ya rage. Ka ƙara cewa da kaina na tafi, ba tare da kowa ya matsa mini ba."

Luvuyo ya sunkuyar da kai ya danne dariya. "Kai, Tata, shi ya sa ake son aiki da manya." Ya ƙara layin, ya sake bugawa, ya ɗora yatsa a inda za a sa hannu. Velile ya ja wani dogon sa hannu mai wutsiya.

Ranar Juma'a aka yi bikin a ɗakin cin abinci. An gasa nama, an kawo lemo, Luvuyo ya yafa masa bargo mai zanen damisa ya miƙa masa sanda, har da ɗan guntun kirarin da ya tambayo a waya. Velile ya yi jawabi na minti arba'in a kan riƙon amana da lalacewar yaran zamani, ma'aikata suna cin nama suna kallon agogo. Fundiswa ba ta ci ba, ta tsaya jikin ƙofa ta harɗe hannu. Watan Fabrairu ne, rana kamar ta dafa mutum, amma haka ya sauka a tasha ya tako har gida da bargon a kafaɗa, gumi na zuba, yana dogara sanda, don duk layin su gani.

Nosisa tana shanya kayan makarantar yara ta gan shi. Bai gaya mata komai ba sai a lokacin. Ta saurara har ya gama, ta ce, "Takardar likitan fa?"

"Wace takarda kuma? Mutum ya dawo da girmansa kina zancen takarda?"

"To me za mu ci, Jola?"

Ya ce Allah na nan. Allah kam yana nan, amma kuɗin fanshon da ya tara babu su, don lokacin da kamfanin ya canja hannu shekara shida baya ya kwashe su ya gina gida mai ɗaki shida a ƙauye, da ginshiƙai a baranda, inda tumakin ƙanensa ke kwana. Kuɗin tsofaffi na gwamnati kuma sai ya cika sittin, saura shekara uku.

Sati biyu Nosisa tana fama kafin ya yarda ya bi ta ofishin ƙwadago. Ya sa kwat da taye, ya ƙi zama a benci, ya tsaya gefe yana gaya wa duk wanda ya matso cewa rakiya ya yi. Sai ga murya daga bayansa.

"A'a! Wa nake gani kamar Jola? Ko ƙafafun ne suka daina aiki?" Zolile ne, ya zo sabunta takardunsa. "Matsa mana, jama'a, ku ba babban injiniya wuri. Shi ne fa mai ƙera motoci."

Aka kwashe da dariya. Velile ya yi kamar bai ji ba, kunnuwansa kuwa kamar su kama da wuta.

Da layi ya zo kansu, ma'aikaciyar ta duba fom ɗin da kamfani ya cike, ta kai yatsa gurbin dalilin barin aiki, ta ɗago. "Tata, a nan an rubuta kai ka ajiye. Wanda ya ajiye da kansa ba ya samun kuɗin rashin aiki."

Nosisa ta zaro takardar likita, wadda ta ciro daga littafin waƙoƙi ba da saninsa ba. "Na rashin lafiya fa, 'yata? Ga shi, ba ya gani."

Velile ya ce, "Ina gani."

Ma'aikaciyar ta karanta ta girgiza kai. "Mama, da wannan ya kai musu yana bakin aiki, da yanzu ana biyansa. Amma a rubuce ba ciwo ne ya zaunar da shi ba, shi ya tafi." Ta rage murya. Ta ce ƙofa ɗaya ta rage. In ya kai ƙara hukumar sasanta rikicin ma'aikata kafin kwana talatin su cika, aka tabbatar tilasta masa aka yi, to za a ɗauke shi a matsayin wanda aka kora, sai a biya shi.

Fundiswa suka nema, wadda ya kora kan kekenta. Da wata ce, da ta ce su je can su ƙarata, amma ta zo har gida ranar Asabar da rana, ta zauna a falo, ta baza takardu. Ta ce maganar tana da ƙarfi: takardar likita ta riga wasiƙar kwanan wata, an sa makaho ya sa hannu a abin da bai karanta ba, an tsorata shi da kora, ba wakili a ɗakin.

"Kada ki ƙara ce mini makaho a gidana."

"To, Tata, na daina. Amma abu uku za ka faɗa da bakinka, ba wanda zai faɗa maka. Ba ka gani. Ba ka karanta ba. An ce in ba ka sa hannu ba za a kore ka. Gaskiya ce ko ba gaskiya ba?"

Ya daɗe yana murza kan sandarsa. "Gaskiya ce."

"Shi ke nan. Ita kawai nake so."

Kafin ranar zaman ta zo gidan ya fara nunawa. Nama ya ɓace daga tukunya, tsakin masara da wake ya koma safe da yamma, babbar jikar ta daina zuwa makaranta ranar da babu kuɗin mota. Velile yana jin ƙarar cokali a gindin tukunya, kuma ba dutse ba ne shi, abin yana cinsa. Wata ranar da yamma Nosisa ta durƙusa a gabansa da gwiwoyin nan nata masu ciwo, abin da ba ta yi ba tun tana amarya, ta ce ba don ita ba, don yaran. Ya ce ta tashi, ya ji. Da gaske yake kuma. Har bayan gida yake zagayawa yana maimaitawa a hankali, "Ba na gani, ban karanta ba, an ce za a kore ni," da ƙyar, amma kalmomin suna fita.

Ɗakin zaman a hawa na biyu yake, tebur dogo da kujeru. Nosisa ta riƙo gwiwar hannunsa har ciki, ta zaunar da shi kusa da Fundiswa, ita ta zauna a kujerar da ke bayansa ta dama. Mai sasantawar wata dattijuwa ce mai tabarau, Misis Abrahams. Luvuyo ne ya zo wa kamfani, kuma yana shigowa ya wuce kowa ya nufi Velile da hannu biyu.

"Jola! Tata, ya ƙarfin jiki? Wallahi teburinka har yau ba mu sami wanda ya cike shi ba."

Fundiswa ta yi tsaki. Velile kuwa ya ji wani sanyi ya ratsa shi, ya gyara zama.

Fundiswa ta yi bayaninta tsaf, ta miƙa takardar likita. Da aka ba Luvuyo dama bai yi musu da kowa ba. Ya ce shi kunya ma yake ji da aka kawo dattijo irin wannan wuri. Ya ce a shekara ashirin da takwas Tata Sobekwa bai taɓa makara ba, ba a taɓa jin ya roƙi kowa komai ba, kuma duk masana'antar ba wanda ya isa ya ɗaga masa murya, balle ya tsorata shi. "Mutum irin wannan ba a korarsa, ranki ya daɗe. Wa ya isa? Shi ya ga lokaci ya yi, ya tafi kamar yadda iyayenmu ke tafiya. Yanzu kuma a ce wai ni, ɗan cikinsa, na firgita shi kamar ƙaramin yaro?"

Misis Abrahams ta juyo. "Tata Sobekwa, kai nake son ji. Tilasta maka aka yi ka ajiye aikin nan?"

Kalmomin suna nan a bakinsa, ya haddace su. Amma yanzun nan aka gama faɗa a gaban hukuma, ana rubutawa, cewa shi mutum ne da ba a kora. Zai buɗe baki ya ce a'a, ƙarya ne, ni makaho ne matsoraci da yaro ya juya da kofin shayi? Ya ji Nosisa ta taɓa bayan kujerarsa. Ya miƙe tsaye, ko da yake ba wanda ya ce ya tashi, ya gyara wuyan kwat.

"Ni? Ba a haifi wanda zai tilasta mini ba."

Fundiswa ta ce, "Tata!"

"Ki yi mini shiru, ana magana da manya."

Mai sasantawar ta cire tabarau ta dube shi. Ta ga irinsa da yawa, kuma ta so ta taimake shi. Ta ce, "Tata, ka fahimce ni da kyau. In ka ce da kanka ka tafi, ba abin da zan iya yi maka, asusun ba zai ba ka komai ba, na rashin aiki ko na jinya. Ga wasiƙar. Karanta mini ita in ji."

Ya karɓa ya ɗaga daidai hanci, ya buɗe murya kamar yana kan mumbarin coci. "Da kaina na tafi, ba tare da kowa ya matsa mini ba."

"A juye ka riƙe takardar, Tata."

"Ko a juye na san abin da ke ciki. Wannan layin ba yaron nan ne ya rubuta ba, ni na ce a sa shi. Ku tambaye shi."

Luvuyo ya ce, "Haka aka yi, ranki ya daɗe."

Tir! Fundiswa ta ajiye biro, ta jingina da kujera ta rufe ido. Misis Abrahams ta sake tambayarsa sau ɗaya ko yana son ya fita ya yi shawara da wakiliyarsa, ya ce shi ba ya shawara a kan abin da ya sani. Ta yi rubutu kaɗan, ta rufe fayil ɗin, ta ce an gama. Luvuyo ya tattara takardunsa ya fice, wannan karon ko sallama bai tsaya yi ba. Fundiswa ta bi bayansa tana share ido da bayan hannu, don takaici.

Velile ya koma ya zauna, ƙirjinsa a buɗe, yana jin ya yi abin da ya kamata namiji ya yi. Ya juya dama da murmushi.

"Kin dai ji da kunnenki, Nosisa. A gaban hukuma ya faɗa, an kuma rubuta. Kada ki damu da zancen kuɗin nan, za a san yadda za a yi. Yaran nan in sun girma za su ji cewa kakansu ba a taɓa..." Ya dakata. "Kina jina kuwa? Ba ni hannunki mu tafi."

Misis Abrahams ta tsaya da jakarta a hannu. Ta dubi kujerar da yake wa magana, ta dube shi.

"Tata, ba kowa a wurin. Matarka ta fita tun lokacin da kake karanta wasiƙar."

Hannun da ya miƙa ya tsaya a iska. Ya janye shi a hankali, ya juya kai hagu, ya juya dama, ko'ina fari ne dishi-dishi.

Ya ce, da wata ƙaramar murya da ba wanda ya taɓa jin sa da ita, "'Yata, ta wane gefe ƙofar take?"